A Gyara Ko A Sayi Sabo? Lissafin Kayan Gida Ga Mai Zaman Baƙunta A Tamanrasat

Idan watan Mayu ya kama a Tamanrasat, ba sai an gaya maka zafi ya shigo ba. Ka bi ta gaban shagunan masu gyaran firiji kawai, za ka ga firji-firji jere a bakin hanya, wani ba ƙofa, wani an kwance masa baya, kowanne da alamar alli don kar a haɗa na wani da na wani. In kuma Disamba ta zo, sanyin duwatsun Ahaggar ya sauko, sai layin ya koma wajen masu gyaran hita da na'urar ɗumama ruwa. Garin a kan tudu yake, kusan mita 1,400 sama da teku, shi ya sa muke shan zafi mu sha sanyi, kayan gidanmu ma suna sha tare da mu.

Na fi shekara 15 ina kasuwanci a garin nan tare da iyalina. A majalisarmu ta bayan la'asar, in ka cire zancen canjin kuɗi da labarin hanya, babu tambayar da ta fi yawo kamar wannan: "Alhaji, abin nan a gyara shi ko a sayi sabo?" Wani firizar matarsa ce ta tsaya, wani murhun gas ne ke wari, wani famfon gidan haya ne ke ɗiga har mai gida ya fara magana. Abin da na tara daga masu gyara, daga maƙwabta da kuma cikin gidana shi zan shimfiɗa a nan, ko wani zai tsira da jarinsa.

Lissafinmu daban yake da na ɗan gari

Akwai ƙa'idar da masu gyara ke yawan faɗa: in kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabo, kuma abin ya tsufa, to a sake shi. Ƙa'idar ba ta da laifi, amma an yi ta ne don mai zama a gidansa. Ɗan Aljeriya mai albashi yana iya shiga shago ya ɗauki firiji ya riƙa biya wata-wata, domin tun 2016 gwamnati ta dawo da bashin sayen kayan da aka ƙera a cikin ƙasa. Sharaɗin shi ne takardar albashi da asusun ajiya. Mu kuwa kuɗi hannu ne, kuma daga cikin jari ake zaro su. Duk dinarin da ya tafi shagon kayan lantarki, dinari ne da bai sayo dabino ko atamfa ba.

Na biyu, kowa ya san baƙo raɓa ne. Tun ƙarshen 2014 ake kwasar 'yan Nijar a motoci ana mayar da su gida, kuma mutane da yawa na ƙasashen yankinmu an ajiye su a bakin iyaka sun taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka. Wanda aka tsare a kan hanyar kasuwa ba ya komawa ɗaki ya naɗe tabarma, balle ya ɗauki injin wanki. Ko mai cikakkun takardu ma, rashin lafiyar iyaye a Matamaye ko faɗuwar kasuwa na iya tayar da shi cikin mako guda.

Don haka ni kafin in tambayi nawa ne gyara, tambaya uku nake yi wa abin da ya lalace. Yana iya kisa? Yana kawo kuɗi? Nawa ne ko na mai gida? Amsar waɗannan ita ke nuna mini inda zan sa kuɗi da inda zan yi haƙuri da faci.

Abin da ke iya kisa, ba a yi masa ciniki

Gas yana da araha a ƙasar nan. Tukunyar Naftal mai kilo 13, kusan dinari 200 ne a farashin gwamnati, shi ya sa kusan kowane ɗaki akwai ta, ana girki da ita ana jin ɗumi da ita. Arahar ce ke sa a manta da haɗarin. Duk damunar sanyi jami'an agajin gaggawa na Aljeriya suna fitar da alƙaluman waɗanda iskar kabon monoksaid ta kashe, kuma a shekarun nan adadin yakan haura mutum 100 a shekara. Iskar ba ta da wari, ba ta da launi. Kisan mummuƙe take yi: ciwon kai, jiri, amai, barci, shi ke nan. Daga hita da na'urar ɗumama ruwan wanka take fitowa idan wutarsu ba ta ci daidai ko hayaƙin bai sami hanyar fita ba. Kaskon gawayin da muka saba shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, shi ma ita yake fitarwa.

Alamomin a fili suke. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. In ka ga ya koma ruwan ɗorawa yana lilo, ko baƙin hayaƙi ya fara taruwa a bango sama da na'urar, ko mutanen ɗaki suna tashi da ciwon kai wanda ke sakinsu da zarar sun fita waje, a kashe ta a buɗe taga. Idan toshewa ce ta ƙura, wanda ya iya zai share ta ta dawo daidai. Amma idan cikinta ya ci tsatsa, ko an cire abin da ke yanke gas in wuta ta mutu don wai yana damun mutane, wannan ta gama aiki. Kar a sayar wa wani ma, a kai wa 'yan gwangwan.

Tiyon roba da ke tsakanin tukunya da murhu yana da kwanan wata a jikinsa. In lokacin ya wuce, ko ka lanƙwasa shi ka ga tsaga, a canza. Ba a naɗe shi da leda, ba a ɗaure shi da robar taya. Kan tukunya, wanda masu shago ke kira detander, shi ma ba a buɗe shi a gyara. Duka biyun kuɗinsu bai kai na cefanen kwana biyu ba. In kana shakka, kumfar sabulu za ka shafa a mahaɗar, in ta yi ƙwai to yana yoyo. Ba a gwadawa da ashana.

Tun 2023 kamfanin Sonelgaz ke saka na'urar gano wannan iska kyauta a gidajen da ke da gas na bututu. Wanda ba a saka masa ba ya saya da kansa, ta cancanci kuɗinta. Lambar agajin gaggawa 14 ce, a koya wa yara ita.

Haka wayoyin wuta. Soket ɗin da ya yi baƙi ko yake zafi in an taɓa, da doguwar waya mai sirara da aka jona wa firiza da hita da dutsen guga lokaci guda, duk suna cikin wannan sahu. A ɗakin da aka jibge bandir-bandir na yadi, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye wahalar shekara goma.

Firizar uwargida jari ce

A gidajenmu da yawa firiza ba kayan ado ba ce. Da ita mata ke yin ƙanƙara, zoɓo, lamurje da kindirmo, yara su kai bakin kasuwa ko wajen 'yan aikin gini. Sau da yawa ribar nan ce ke riƙe cefane in kasuwar maigida ta yi sanyi, da ita ake zubin adashi, da ita ake aika wa tsohuwa a gida. Saboda haka in ta tsaya, kowace rana asara ce, kuma dole a sa kwanakin zaman a cikin lissafi.

Bara, ana saura kwana kaɗan azumi, tamu ta daina daskarar da ruwa. Injin sai ya yi ƙara kaɗan, ya yi "ƙat", ya yi shiru. Uwargida ta ce, "Alhaji, in dai ba a tashe ta kafin azumi ba, to cinikin shekara ya wuce ni." Na kira wani yaro mutumin Maraɗi da ya koyi gyara a nan. Ya durƙusa bayanta, ya zaro wani ɗan abu kamar akwatin ashana daga jikin injin, ya girgiza shi a kunnensa. Ya ce, "Baba, kar ka tayar da hankalinka, rile ne ya ƙone. Injin lafiyarsa lau." Kafin magariba ta tashi. Sannan ya juya wajen uwargida ya ce, "Inna, don Allah a riƙa janye ta daga bango, a share mata baya. Ƙurar garin nan ita ke shaƙe su."

Daga wajensa da ire-irensa na fahimci cewa cutar firiji kashi biyu ce. Akwai ƙanana: rile, kondansa, tamosta mai daidaita sanyi, fankar ciki, da robar ƙofa. Waɗannan ko firijin ya shekara 15 a gyara, domin kuɗinsu kaɗan ne kuma ana samunsu. Robar ƙofa ma kana iya gwada ta da kanka: ka sa takarda ka rufe ƙofar a kanta, in ta zaro ba tare da turjiya ba, sanyi na zurarewa ta nan, injin kuma yana ta aiki ba hutu.

Sai manya guda biyu: mutuwar injin da yoyon gas. A nan ne ake cin kuɗin mutane. Gas ɗin firiji ba ya ƙarewa kamar na girki, zagayawa yake yi a rufaffen bututu. Duk wanda ya ce maka "gas ne ya ƙare, a ƙara," ka tambaye shi ta ina ya fita. In ramin a waje yake, inda ake gani, a yi walda a cika, ya zauna lafiya. In kuwa a cikin bangon firijin yake, inda aka lulluɓe da soso, to za ka yi ta cikawa duk bayan 'yan watanni. Wani maƙwabcina sau uku aka cika masa a bazara ɗaya, kuɗin da ya kashe da na ƙanƙarar da ta narke sun kusa sayen wata. Kuma yawancin ramukan da ake gani a ɗakin ƙanƙara, wuƙa ce ta yi su. A gaya wa yara, ba a sassaƙar ƙanƙara da wuƙa. A kashe firijin a bar shi ya narke.

A jikin injin akwai takarda da ke nuna irin gas ɗin da yake ci. In ka ga R12, firijin tsohon gaske ne, domin an daina yin wannan gas a duniya bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. Injinsa in ya mutu, a yi masa sallama. R134a na tsakiya ne, ana samunsa. R600a shi ne a yawancin sababbi, ba ya cin wuta da yawa, amma yana kamawa da wuta, don haka ba kowane mai walda ake bai wa ba.

To in injin ne ya mutu fa? Ni abin da nake dubawa shi ne jikin. In akwatin bai ci tsatsa ba, ƙofa na kamawa, babu yoyo a ciki, sabon inji na iya ƙara masa shekaru. Amma a tabbatar sabo ne a kwalinsa, a kuma yi sharaɗin wata nawa mai gyara ya ɗauka in ya sake tsayawa. In jikin ya ruɓe ga kuma inji ya mutu, sa kuɗi a ciki zuba ruwa ne a rariya. Firizar da ake sana'a da ita, in ta kai nan, a sake ta ko da za a rage jarin shago, domin ita za ta biya kanta. Wadda ake sanyaya ruwan sha kawai, tana iya jira. Randa ba ta daina aiki ba.

Wuta mai araha, mita ɗaya

A Turai babbar hujjar masu cewa a sayi sabo ita ce tsohon firiji yana shan wuta. Gaskiya ne yana sha, amma a nan hujjar ba ta da nauyi sosai, domin wutar Aljeriya tana da tallafi, kuma tun 2017 gidajen jihohin kudu ana rage musu kashi 65 cikin 100 na kuɗin wuta har zuwa wani ƙayyadadden adadi a shekara. Mai mitar kansa ba zai mayar da kuɗin sabon firiji daga rarar wuta cikin 'yan shekaru ba.

Sai dai mu da yawa ba mu da mitar kanmu. Gida ɗaya, ɗaki shida ko takwas, mita ɗaya da sunan mai gida. Takardar Sonelgaz duk wata uku take zuwa, kuma farashin hawa-hawa ne: gwargwadon yadda aka sha, gwargwadon tsadar kowane kilowat, wanda ya haura 1,000 a wata ukun ya shiga mataki mafi tsada. Gidan haya mai firiza uku da na'urar sanyaya ɗaki biyu nan da nan yake haurawa. Ranar rabon kuɗi kuwa sai ka ji, "Ni fanka ɗaya gare ni da ƙwai ɗaya, don me zan biya daidai da mai ƙanƙara?" Na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan wannan. In tsohuwar firizarka ba ta hutawa dare da rana, ko dai ka gyara robarta da tamostanta, ko ka ɗauki kaso mafi girma da bakinka tun ba a tambaye ka ba. Zaman lafiya da maƙwabci a ƙasar mutane yana cikin abin da ake sa wa a ma'auni.

Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, kafin a yanke mata hukunci a wanke ragar cikinta da akwatin waje. Rabin waɗanda ake cewa sun mutu, ƙura ce ta toshe su. Fanka in ta rage gudu, kondansa ce ko rashin mai, gyaran minti kaɗan ne.

Ruwan In Salah da kayan mai gida

Waɗanda suka daɗe a garin nan suna tuna lokacin da ruwa sai na motar tanka. A 2011 aka ƙaddamar da bututun da ke jawo ruwa daga In Salah, tafiyar kusan kilomita 750. Ruwan ya zo da gishiri-gishiri, daga baya aka gina tashar rage gishirin a can. Har yanzu in ka leƙa cikin butar shayi za ka ga farin dutse ya kwanta. Wannan dutsen shi ke cin famfo, ya toshe kan shawa, ya lulluɓe ƙarfen hitar ruwa har ya ƙone, ya hana injin wanki jan ruwa. Yawancinsu ba mutuwa suka yi ba. A jiƙa kan famfo ko kan shawa a ruwan kal ko ruwan lemon tsami ya kwana, da safe a goge. Famfon da ke ɗiga, 'yar robar ciki ce. Hitar ruwa ta lantarki ana canza mata ƙarfen ciki. Sai in tankinta ne ya huje, wannan kam babu gyara.

Amma kafin ka sa ko dinari ɗaya a famfo, tanki, injin tura ruwa, ƙofa ko tayil, ka tuna ba ka tafiya da su. Abin da aka kafa a bango na mai bango ne. Ƙaramin gyara irin na roba da ƙwan wuta, wannan na mai haya ne, ba sai an je an tayar da dattijo ba. Babban aiki kuwa, magana ake yi tukuna. Mai gidanmu Buzu ne, yana jin Hausa sarai. Da tankin sama ya tsage, na same shi bayan sallar isha'i da maƙwabci ɗaya a matsayin shaida. Na ce, "Alhaji, tankinka ya tsage. In ka yarda in saya, a cire daga kuɗin haya wata uku." Ya ce, "Ka kawo mini rasit, ba komai." Aka rubuta a takarda, kowa ya riƙe hoto a wayarsa. Da yawanmu hayar baki da baki muke yi, babu takarda, to shaida da rasit su ne kariyarka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wanda kuma zai sayi injin tura ruwa ko hita da kuɗinsa, ya faɗa tun ranar sakawa cewa nasa ne, zai kwance in zai tashi. In ba a faɗa ba, ranar tashi sai an yi jayayya.

In sabo za a saya

Tamanrasat tana da nisan kusan kilomita 2,000 daga Aljiyas, kuma masana'antun duk a arewa suke: Condor a Burj Bu Arerij, Iris da Brandt a Setif, ENIEM a Tizi Uzu. Tun da gwamnati ta taƙaita shigo da kaya daga waje, musamman a 2018 da aka dakatar da ɗaruruwan kayayyaki har da na lantarkin gida, kayan cikin ƙasa ne suka cika shaguna. Wannan yana da amfani wajen gyara: abin da aka haɗa a ƙasar, kayan gyaransa sun fi saurin samuwa. Tsohon firijin da wani ya shigo da shi daga Faransa ko Dubai, in katin lantarkinsa ya ƙone, sai ka yi makonni kana jiran mota daga arewa.

Shawarata ga mai zaman baƙunta, ya sayi mai sauƙin ciki. Firiji mai allo da maɓallai da yawa yana da kyau a ido, amma katinsa na kamfaninsa ne kaɗai, kuma ba ya son wutar da ke hawa da sauka. Mai tamosta na murɗawa kuwa, duk garin da ka kai shi akwai wanda zai iya da shi. A duba takardar jikinsa wajen ajin yanayi: harafin T yana nufin an yi shi don zafi har digiri 43, ST har 38, N har 32 kawai. Mai niyyar kai shi Ingizam, Arlit ko Agadas wata rana, T zai nema. A haɗa da sitabilaiza ko ɗan abin da ke jinkirta tashi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, domin a wannan lokacin injina suka fi ƙonewa.

Dokar Aljeriya ta 2013 ta ce garantin sabon kaya ba zai gaza wata 6 ba, na hannu kuma wata 3, kuma manyan kaya sukan zo da fiye da haka a katinsu. Sai dai kati ba hatimi da kwanan wata takarda ce kawai. Ka tsaya a buga maka. Kuma tun da ba kowannenmu ke iya zuwa ofis ya kai ƙara ba, gara ka saya a shagon da aka san ka, ko da ya ɗara da kaɗan, da ka bi araha wajen wanda gobe zai ce bai taɓa ganinka ba. Sabon zuwa kuma ya kula da lissafin mutanen nan: in mai shago ya ce "miliyan biyar," santim yake nufi, wato dinari 50,000.

Na hannu fa? Ana samu a Facebook da Ouedkniss, ana samu wajen 'yan'uwa masu tashi. Kar ka sayi firijin da ka tarar a kashe. A kunna a gabanka, a sa kofin ruwa, ka je ka dawo. Ka je da mai gyaranka, ba na mai sayarwa ba.

A kai gida ko a sayar a nan?

Da yawa in sun sayi sabo sukan ce ai ba asara, in za a koma da shi za a tafi. A yi lissafin hanyar tukuna. Daga nan zuwa Ingizam kusan kilomita 400 ne, sannan Asamaka, sannan kusan 200 zuwa Arlit, sannan hanyar Arlit zuwa Agadas wadda duk direba ya san halinta, kafin a kama ta Tawa ko ta Damagaram. Ga kuɗin mota, ga na duwan, ga saukewa da lodawa, ga dokokin iyaka da ke sauyawa. Direban da ya dawo makon nan shi ake tambaya. Tsohon firijin da aka sha yi wa walda da wuya bututunsa ya jure wannan girgiza. Sabo a kwalinsa yana iya isa, in an ɗaure shi a tsaye. In dole ta sa aka kwantar da shi, a bar shi tsaye yini guda kafin a kunna, man injin ya koma mazauninsa.

Sannan a tambayi wutar da zai tarar. Ƙarfin wutar ɗaya ne da na Nijar da Najeriya, sai dai soket ɗin Najeriya mai baki uku ne, canza kai ba wuya. Matsalar ita ce samuwarta. Kowa ya tuna yadda garuruwan Nijar suka kwana a duhu da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, kuma ƙauyukanmu da yawa ko turke babu. Firizar da aka yi wa ɗawainiyar kilomita dubu da ɗoriya ta je ta zama ma'ajiyar kwanoni, wannan ba riba ba ce. Sau da yawa gara a sayar a nan, a tafi da kuɗin, a sayi mai aiki da hasken rana a can. Kuɗi sun fi firiji sauƙin ƙetare Sahara.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Abu na ƙarshe, wanda na fi so matafiya su riƙe: duk babban abin da ka mallaka a gidan haya, wani amintacce ya san da shi. Ka ɗauki hoton rasit da na kayan ka tura wa ɗan'uwa a gida. Ka gaya wa mutum ɗaya a gaban shaidu cewa in aka wayi gari ba ka nan, shi zai sayar ya aika, ko ya riƙe wa iyali. In firizar ta uwargida ce, da kuɗin adashinta aka saya, a faɗa a fili tata ce, kar wata rana a haɗa ta cikin bashin maigida. Mun ga kayan mutane sun watse a hannun waɗanda ba su da haƙƙi, don kawai ba a bar magana ba.

Kafin zafin bana ya kankama, a ware yini ɗaya a zagaya gida. A duba tiyon gas da harshen wuta, a taɓa soket, a janye firiza a share bayanta, a gwada ƙofarta da takarda, a leƙa ƙarƙashin tanki. Abin da ke barazana ga rai a sake shi yau. Abin da ke ciyar da gida a kula da shi kamar yadda ake kula da shago. Na mai gida a yi magana da shi da shaida. Sauran kuwa, in faci zai riƙe su, a bar jari ya yi aikinsa a kasuwa.

Allah ya tsare mana rayuka da dukiya, ya sa mu koma gida da abin da muka fito nema.